GARGAƊI: Naira 150,000 na ba ɗan damfara don manhajar salsalar dangi a Jos

Jama'a, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira 150,000. Kuma ba kuɗina ba ne ni kaɗai, karo-karo muka yi a gida, har Goggo mai shekara tamanin da ɗoriya sai da ta kwance bakin zaninta ta ba da 5,000. Wannan 5,000 ɗin ita ce ta fi ci min rai, wallahi.

Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo Jos aikin kuza tun zamanin Turawa. Takardunsa da hotunan gidanmu duk sun ƙone a rikicin Satumba na 2001. Abin da ya rage yana kan Goggo ne, ita kaɗai ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya koma gida bai dawo ba. Shi ya sa muka ce a nemi manhajar da za a zuba sunayen nan tun tana da ƙarfinta. Ni aka ɗora wa aikin saboda ni ne mai kwamfuta, kuma shekara 19 ina aikin lissafin kuɗi a ofis. Ni ba yaro ba ne. Ban taɓa tura wa wani ko sisi don ya ce na ci kyauta ba.

Tallar a Facebook na gani: manhajar salsalar dangi da Hausa, mai ɗauke da rajistar harajin En'e da sunayen leburorin kuza. Ban tura kuɗi nan take ba, ku ji da kyau, ban tura ba. Na ce wa mai tallar sai mun haɗu ido da ido. Muka haɗu a wani shagon gyaran waya kusa da Terminus. Ya zo da farar kaftani, da carbi a hannu, yana ce min Yaya. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, “Yaya, Bismillah, duba nan.” Na duba. Ga sunan kakanmu a sama, ga Gangare a rubuce a gefensa, ga layuka sun sauko zuwa 'ya'yansa. Sai da na ji hawaye. Ya ce mutanen lokacin da ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya suke zuwa, wanda aka daina a 1957, kuma haka Goggo take faɗa mana tun muna yara. To ku faɗa min, wa zai ji haka ya yi zargi?

A nan na tura masa 85,000. A tsaye. Yana riƙe da kafaɗata.

Sai yanzu nake komawa cikin hirarmu ta WhatsApp ina gani da idona: kwana biyu kafin haɗuwar ni da kaina na ba shi sunan kakan, ni na ce masa Gangare, ni na lissafa masa baffannina don wai ya fara bincike. Abin da na ba shi ne ya jera ya nuna min. “Yaya, Bismillah, duba nan.” Kalmar nan ta ƙi fita daga kaina.

Bayan sati ya ce lasisi 40,000. A'a, kafin lasisin ma akwai 25,000 na buɗe rumbun Kaduna, shi na fara biya, ranar da ya kawo filashin manhajar. Ko bayanta ne, duk abin ya cakuɗe min, amma alat ɗin banki yana nan da ranakunsa. 85,000 da 25,000 da 40,000. Naira 150,000 cif. Ya ce da zarar an biya na Kaduna manhajar za ta riƙa jawo fayiloli daga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna kai tsaye. Ta jawo kuwa: shafi uku, wai kakan kakanmu wani sarkin Fulani ne mai garken shanu dubu. Na karanta wa Goggo. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ɗan nan, mu fa maƙera ne. Ubana da uwar maƙera ya zo garin nan.” Ko a nan ban farka ba, na ɗauka tsufa ne ya sa ta manta. Na ƙaryata Goggo saboda wannan mutumin. Allah ya isa.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Jos shi ya tona asirin. Ya zauna gaban kwamfutar minti biyar bai cika ba ya ce, “Kawu, ai wannan Gramps ce.” Manhaja ce ta kyauta, kowa na iya sauke ta daga intanet ba ko kwabo. Mutumin hoton gabanta kawai ya canza ya liƙa wani suna. Babu rajistar haraji a ciki, babu sunan leburan kuza ko ɗaya, fanko ce, abin da ka rubuta shi take ajiyewa. Lasisin 40,000 kuwa wasu lambobi ne ya rubuta a takarda, ko inda ake shigar da su babu. Yaron ya kuma tambayi wani malaminsu na tarihi, ya ce fayilolin Lardin Filato suna Kaduna da gaske, amma mai nema zuwa yake yi ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, babu wata lambar sirri da ake saya a Terminus.

Na kira shi, ya ce yana jana'iza. Na sake kira, a kashe. Yanzu ya toshe ni ko'ina, ya yi layar zana. Mai shagon ya rantse bai san shi ba, kujera kawai ya ara masa. Jiya kuma wani maƙwabcinmu a Unguwar Rogo ya nuna min nasa shafi ukun. Sarkin Fulani guda, shanu dubu guda, sunan da ke ƙasa kawai aka canza. Shi 60,000 ya biya. Ni 150,000.

Abin bai tsaya nan ba. Na ba shi hotunan 'yan gidanmu da lambobin wayarsu don wai a sa a bishiyar dangi. Shekaranjiya ya tura wa ƙanwata da ke Abuja saƙo da wata sabuwar lamba, da sunana, wai a ƙaro 30,000 na buga littafi. Allah ya sa ta kira ni tukun.

Zan ɗora hotunan hirarmu da rasit ɗin duka uku a nan da zarar na rufe sunayen 'yan'uwana. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa bankina.

Mai son rubuta asalinsa: Gramps kyauta ce, shafin binciken asali na FamilySearch ma buɗe asusu kyauta ne. Duk wanda ya ce manhajarsa ta riga ta san kakanka, ƙarya yake. Kada ka ba shi suna ko ɗaya kafin ya nuna maka. Ɗauki waya ka naɗi muryar tsoffinku.

Jibi Juma'a akwai taron dangi a gidan Baffa, kuma kowa ya san ni ke riƙe da kuɗin. Goggo ta aiko yaro da safen nan yana tambaya ko littafin ya fito. Na ce ya gaya mata ina nan zuwa.