Takin Sufa ko Funfunar Saiwa: Wanne Ya Fi Ciyar da Shuka da Fosfaras?

Takin sufa abincin nan take ne. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 8 zuwa 9 na fosfet, wato sinadarin da ke ba shuka fosfaras, kuma a shekarar da aka zuba ake ganin aikinsa. Matsalarsa ita ce fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa. A jar ƙasa mai tsami, ƙarfe da alminiyam suna kama mafi yawansa kafin saiwa ta kai gare shi.

Funfunar saiwa, wato maikoriza, ba ta ƙara wa ƙasa fosfaras ko ƙwaya ɗaya, wanda ke ciki take ɗebowa. Tana shiga saiwar masara, dawa, gero, wake da albasa, ta miƙa zaruruwa siraran da suka fi gashin saiwa tsawo nesa ba kusa ba, ta kawo fosfaras da zinc, shukar kuma ta biya ta da sukari. Kyauta ce, amma tana da saurin lalacewa. Huɗa mai zurfi kowace shekara tana tsinka zaruruwan, barin gona ba tsiro yana kashe ta da yunwa, kabeji kuwa ba ya hulɗa da ita sam.

Idan aka cika sufa, shuka takan daina ciyar da funfunar. A gonar da ta gaji tilis, funfuna kaɗai ba za ta wadatar ba. A nan dabarar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da aka gwada a Nijar ta fi dacewa: giram 2 na DAP, wani takin zamani mai fosfaras, a kowane rami lokacin shuka, a bar karan a gona.