Na je gonar tsinkar rasberi kusa da Blairgowrie, ga yadda ta kaya

Tun da na zo karatu Dundee wata ƙawata ƴar nan Sikotilan take damuna wai sai na je gona na tsinki rasberi, wani ɗan ƙaramin kayan marmari ja mai laushi, da hannuna, saboda na taɓa ce mata ni fa ban ga abin yayi a jikinsa ba. Kuma ba laifina ba ne. A watan Janairu na fara saya a kanti, ɗan mitsitsin roba giram 150 kusan fam biyu, na duba jiki an rubuta daga Maroko aka kawo, na jefa a baki tsami ne kawai da ruwa, kwana biyu a firij ya yi furfura. Nace ni da shi haihata haihata.

To tsakiyar Yuli dai ta ci galaba, muka ɗau mota, ko awa ɗaya ba mu yi ba muka isa. Ashe yankin nan na Blairgowrie shi ne gidan rasberi a duk Birtaniya, ko ta ina ka waiga rumfunan leda ne dogaye. A bakin ƙofa za a miƙo maka kwando, ka shiga ka tsinka iya son ranka, in ka fito a ɗora a sikeli ka biya, kuma kilo ɗaya ya fi na kanti sauƙi nesa ba kusa ba.

Itacen ba bishiya ba ce, wasu kara ne dogaye an ɗaure su a jikin waya layi layi. Wanda muka samu sunansa Glen Ample, a nan gefen Dundee masu binciken noma suka samar da irin, ba shi da ƙaya ko ɗaya. Matar da ke kula da wajen ta nuna min dabarar, tace kar ki ja da ƙarfi, wanda ya nuna kina taɓa shi zai zamo ya faɗo hannunki ya bar wani farin ƙullutu a jikin reshe, shi kuma cikinsa rami kamar ƴar hular jariri. Wallahi na farkon da na sa a baki sai da na tsaya cak. Ga ɗumin rana a jikinsa, ga ƙamshi, zaƙi da tsami sun daidaita kamar zoɓon da gwana ta haɗa. Wancan na Janairu kam ban san me na ci ba.

Ta fannin lafiya ma ba baya ba, giram 100 kalori 52 ne kacal, sukarinsa bai kai giram 5 ba, ga harza giram 6 da rabi wanda ba kasafai ake samun haka a kayan marmari ba, shi ya sa yake sakin ciki yana kuma riƙe mutum. Bitamin C wajen miligiram 26. Har Mama na tuno da ciwon sugarta, irin abin da za ta ɗan taɓa ne hankali kwance, amma fa kar wani ya ce nace magani ne.

Abin da bai min ba, caɓi! An yi ruwa da dare, ni kuma da ɗan takalmina mai kyau, kar ku so ku ga yadda ya koma. Ga rina suna ta shawagi a kan waɗanda suka nuna luguf, banɗaki guda ɗaya tal, layin awo kuwa mun fi minti 20 a tsaye. Ƴaƴan cikinsa ma akwai maƙalewa a haƙori, a tafi da tsinken sakace.

Ba ya ajiyuwa, kar a wanke sai za a ci. Ni na baza nawa a faranti na sa a firiza, da ya daskare na juye a leda, yanzu kullum da safe sai na watsa a yogot in dama da ƴar furar da na yi guzuri.

Wata ƴar uwata a Kano har tana cewa in taho mata da iri, nace ina! shi waje mai sanyi yake so, ko sitiroberi ma ai sai Jos. A nan lokacinsa daga ƙarshen Yuni ne zuwa Agusta, akwai kuma wani irin na kaka da ke kaiwa Oktoba. Na ba gonar maki huɗu cikin biyar. Mai zuwa ya yi sammako kafin a tsince layukan bakin ƙofa, ya kuma sa takalmin ruwa.