Sharhi kan lambar sirri ta IP PIN wajen biyan haraji a Amurka

Hukumar tara haraji ta Amurka, wato IRS, tana ba da wata lambar sirri mai alƙaluma shida da ake kira IP PIN. Na yi amfani da ita, kuma ra'ayina shi ne duk mai cike takardar haraji a ƙasar ya kamata ya karɓe ta, amma da sharaɗin ya san nauyin da yake ɗora wa kansa. Kyauta ce, tana kuma aikin da aka ce tana yi. Sai dai daga ranar da ka shiga tsarin, takardarka ba za ta sake wucewa ta intanet ba sai da ita, kuma kowace shekara sabuwa ake bayarwa.

Damfarar da aka yi ta domin hanawa ba ta da wuyar ganewa. Ɓarawo ya samu sunanka da ranar haihuwarka da lambarka ta SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum domin aiki da haraji, sai ya riga ka shigar da takarda tun farkon kakar haraji, ya ƙirƙiri albashi na ƙarya, ya sa a tura rarar kuɗin harajin da hukumar ke mayarwa zuwa asusunsa. Kai ba ka da labari sai ka zo shigar da taka a watan Maris, na'ura ta mayar maka da ita, wai an riga an yi amfani da SSN ɗinka. Samun waɗannan bayanai kuwa ba abin wahala ba ne yanzu: kutsen da aka yi wa Equifax, kamfanin da ke adana bayanan bashin mutane, a 2017 kaɗai ya fallasa bayanan mutum kusan miliyan 147. Wanda abin ya faɗa wa yakan cike fom 14039 na kai rahoton satar bayanai ya shiga layin jira, kuma ofishin da ke kare haƙƙin masu biyan haraji a cikin hukumar, ƙarƙashin Erin Collins, ya sha kokawa cewa jiran yakan kai kusan shekara biyu. Idan aka auna wannan da ɗan lokacin da karɓar lambar yake ci, lissafin a fili yake.

A da sai wanda aka tabbatar an sace masa bayanai ake ba wa. Daga baya aka gwada ta a Fulorida da Jojiya da birnin Washintan, sannan a Janairun 2021 aka buɗe wa kowa mai SSN ko ITIN, wato lambar haraji ta waɗanda ba su da SSN, muddin zai iya tabbatar da cewa shi ɗin ne. To a nan gizo ke saƙar.

Hanya mafi sauri ita ce buɗe asusu a shafin irs.gov, inda kamfanin ID.me ke tantance mutum. Za a nemi hoton gaba da bayan lasisin tuƙi ko katin shaida na jiha, ko shafin fasfo, sannan ka ɗauki hoton fuskarka da waya domin a gwada shi da na katin. Idan komai ya yi daidai, cikin mintuna kaɗan an gama, lambar ta fito a allo. Abubuwan da ke hana shi tafiya ƙanana ne amma masu ban haushi: hasken fitila da ke ƙyalli a kan katin, gefen kati da bai shiga hoto ba, katin da wa'adinsa ya ƙare, ko lambar waya da ba da sunanka aka yi mata rajista ba. A ajiye katin a kan abu mai duhu kusa da taga da rana, a kashe walƙiyar kyamara, a cire tabarau. Idan na'ura ta ƙi, akwai zaɓin ganawa da ma'aikaci ta bidiyo, wanda aka faɗaɗa a 2022 bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan amfani da fasahar gane fuska. A nan sai an riƙe ainihin takardun a hannu an nuna, kwafi ba ya yi, kuma jiran layi yana tsawo sosai daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu. Masu ITIN galibi ta wannan hanyar suke bi.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mutanenmu, ko na Najeriya ko na Nijar ko 'yan zangon Gana: sunan da ya bambanta daga takarda zuwa takarda. Fasfo ya ce Mohammed, katin SSN ya ce Muhammad, lasisi kuma ya mayar da sunan uba sunan farko. Na'ura ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Hukumar haraji da bayanan hukumar da ke ba da SSN take gwada suna, saboda haka a takardar haraji a rubuta shi yadda yake a katin SSN, harafi da harafi, ko da ba haka mai sunan yake so ba. Wanda takardunsa suka saɓa sosai, gara ya nufi ganawar bidiyo kai tsaye da ya yi ta ɓata lokaci da na'ura.

Wanda intanet ta gagare shi yana da hanya biyu. Ta farko fom 15227, ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce wata ƙa'ida ba. A 2025 ƙa'idar ita ce ƙasa da dala 84,000 ga mutum ɗaya, ko 168,000 ga mata da miji da ke cikewa tare, kuma adadin yana sauyawa. Bayan an aika, ma'aikacin hukumar zai kira lambar wayar da aka rubuta ya yi tambayoyi, sai lambar ta zo ta gidan waya cikin mako huɗu zuwa shida. Ta biyu zuwa ofishin hukumar da kai, bayan an nemi rana ta waya, da katin shaida na gwamnati mai hoto da ƙarin wata shaida guda. Ita ma ta gidan waya za ta iso, yawanci cikin mako uku. Yaran da ba su kai shekara 18 ba ba sa iya buɗe asusun ID.me, don haka tasu ta waɗannan hanyoyin ake nemo musu.

Inda tsarin ya fi kayar da mutane shi ne maganar sabuntawa. Lambar ta shekarar kalanda ce, ba ta shekarar harajin da ake cikewa ba. Ma'ana, duk takardar da ka shigar a cikin wannan shekara, ko ta bara ce ko bashin ta shekara uku da suka wuce, lambar bana za ka sa. Wanda ya shiga ta intanet, shi zai koma asusunsa a watan Janairu ya ɗauko sabuwa, ba wanda zai aiko masa da wasiƙa. Waɗanda aka sace wa bayanai da waɗanda suka shiga ta fom ko ofis su ne ke samun wasiƙar CP01A mai ɗauke da sabuwar lambar a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Daidai lokacin nan ne kuma da yawa suke tafiya gida ganin dangi, wasiƙa ta kwanta a akwati ko ta tafi tsohon adireshi. Sashen karɓar lambar a shafin ma yakan rufe daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu. Idan lambar ta ɓace kuma ba ka da asusu, sai ka kira 800-908-4490, su sake aiko ta cikin kwana 21. Ba sa karanta wa mutum ita ta waya. Wanda ya farga ranar 10 ga Afrilu, alhali ranar 15 ake rufewa, ya makara.

Kada a haɗa ta da ɗaya lambar mai alƙaluma biyar da manhajar haraji ke cewa ka zaɓa da kanka. Waccan sa hannu ce kawai, tana tafiya tare da adadin kuɗin shigarka na bara, wanda ake kira AGI, da ke cikin fom 1040, wato babbar takardar harajin. Idan aka dawo da takarda da alamar IND-031, AGI ɗin ne bai yi daidai ba, kuma wanda bai cike takarda bara ba sifiri zai sa. IND-181 na nufin kana da IP PIN ba ka sa ba, IND-180 kuma ka sa amma ba ita ba ce, galibi ta bara. A takardar mata da miji kowa da tasa, idan duka biyun suna da ita. Idan ta intanet ake shigarwa, ta yara ma dole a sa. Mai aikawa ta gidan waya zai rubuta ta a 'yan akwatunan da ke kusa da wurin sa hannu. Idan ya bar su fayau ba za a mayar masa ba, amma za a jinkirta har sai an tantance shi.

Wani amfani da aka ƙara mata a kakar 2025 ya burge ni ƙwarai. A da idan wani ya riga ka sa ɗanka a takardarsa, ko ɓarawo ko tsohon miji ko tsohuwar mata, dole ka buga taka a takarda ka aika, ka jira makonni da yawa. Yanzu ana karɓar taka ta intanet muddin ka sa IP PIN ɗinka. Wannan bai yanke hukuncin wa ke da haƙƙin yaron ba, hukumar za ta bincika daga baya, amma ga iyalin da ke jiran kuɗin tallafin yara, bambancin ba kaɗan ba ne.

Abin da ba ta yi kuwa, a faɗe shi ƙarara. Ba ta kare harajin jiha, don fom ɗin tarayya irin su 1040 da 1040-SR da 1040-NR aka yi ta. Ba ta hana a ci bashi ko a buɗe katin banki da sunanka. Wannan sai ka rufe bayananka a kamfanonin adana bayanan bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion. Ba ta sa rarar kuɗi ta zo da wuri: mai neman tallafin masu ƙaramin ƙarfi ko na yara, doka ta hana a sake masa kuɗi kafin tsakiyar Fabrairu, da lamba ko babu. Tsarin ma ya taɓa samun ɓaraka, domin a Maris ɗin 2016 an dakatar da shafin na ɗan lokaci bayan an gano ɓarayi na ciro lambobin mutane da shi. Tsananin tantancewar da ake kuka da shi yau, daga irin wannan ya samo asali.

Wasiƙun tantancewa kuma wani babi ne daban. Idan na'urar hukumar ta yi shakkar wata takarda, sai ta tsayar da ita ta aiko wasiƙa: 5071C a amsa ta intanet, 4883C ta waya, 5747C yawanci sai an je ofis, 5447C kuma ta masu adireshin ƙasar waje ce. Kafin a fara a ajiye wasiƙar a gaba, da kwafin takardar shekarar da ake magana, da ta shekarar da ta gabata, da takardun shaidar albashi ko kuɗin shiga, wato W-2 ko 1099, saboda adadi za a tambaya daidai-wa-daida, ba ƙiyasi ba. Idan ba kai ka shigar da takardar ba, nan za ka faɗa. Bayan an gama, kuɗin na iya ɗaukar har mako tara. Wanda ya yi biris da wasiƙar, takardarsa tana nan a tsaye.

Hukumar ba ta kiran mutum ko aiko masa da saƙon tes ko imel tana tambayar lambar, duk wanda ya yi haka ɗan damfara ne. Mutum ɗaya ne ya cancanci ya gan ta, wato mai cike maka takarda, shi ma a lokacin da za a sa hannu a aika. Wanda ya sauya gida kuma ya cike fom 8822 na sauya adireshi tun kafin Disamba, domin adireshin da ke hannun hukumar ne CP01A za ta bi.