Ubuntu da hannu ko NixOS da fayil ɗaya?

Malam, ka tambaya kan kwamfutoci 12 na cibiyarka da ke Mabera: ka ci gaba da saita Ubuntu ɗaya bayan ɗaya, ko ka koma NixOS da ka ji ana cewa fayil guda ke riƙe da komai. Duka biyun nau'o'in Linux ne, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kuma na yi aiki da su a nan Sakkwato.

A Ubuntu kai ne ke ba da umarni bi da bi: ka saka LibreOffice (manhajar rubutu da lissafi) da apt, umarnin saka manhajoji, ka buɗe asusun ɗalibai, ka gyara agogo, ka haɗa firinta. Ba wuyar koyo, kuma duk inda ka maƙale za ka sami wanda ya taɓa warware shi. Illarsa mantuwa. Bayan wata shida ba kwamfuta biyu da suka yi kama da juna, abin da ka taɓa kuma yana kanka kaɗai.

NixOS kuwa rubuta masa kake yi yadda kake son kwamfutar ta kasance, a cikin /etc/nixos/configuration.nix. Agogo layi ɗaya ne: time.timeZone = "Africa/Lagos"; manhajoji ma jera sunayensu kake yi. Sai ka buga nixos-rebuild switch, ya gina tsarin daidai da rubutun. Ka ɗauki fayil ɗin a filasha zuwa sauran 11.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar wuta. Wata rana da azahar wuta ta ɗauke ina tsakiyar sabunta Ubuntu, na yini ina ɗinke manhajojin da suka tsaya rabi. NixOS yana gina sabon tsari ne a gefe, cikin /nix/store, sai ya kammala yake sauyawa. Tsoffin saituna kuma suna nan a jere lokacin kunnawa. In na yau ya ƙi, ka zaɓi na jiya.

Amma sai ka zauna ka koyi yaren Nix da ake rubuta fayil ɗin da shi, kuma saƙonnin kuskurensa na da wuyar fahimta. Kada ka kwafi hardware-configuration.nix, fayil ɗin da ke bayyana kayan cikin kwamfuta, kowace kwamfuta da nata. Tsoffin saitunan na cika faifai sai ka share da nix-collect-garbage -d. Takardun ɗalibai kuma ba sa cikin fayil ɗin, ajiyarsu daban.

Da kwamfuta biyu ce, da na ce ka zauna a Ubuntu. Tunda 12 ne, ware ɗaya ka gwada NixOS na mako biyu, ka fara da firinta.