Wasiƙa daga Wiskonsin: Tsakanin Kubota da Polaris

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ga amsar tambayarka a kan 'yar motar da ka gani a hoton da na turo, wadda ka ce ko keken Napep ne aka ƙara wa taya. A nan Amurka UTV ake ce mata. Tayoyinta huɗu duk suna ja, direba da na gefensa suna zaune kafaɗa da kafaɗa, a baya ga ɗan bodin zuba kaya. A gonar shanun madara da nake aiki babu injin da ke shan wahala kamarta. Da ita muke kai wa maruƙa madara, mu ɗauko ingirici, mu zaga shinge. Tarakta ta yi girma ga irin wannan aike, a-kori-kura kuma ba ta shiga lungun garke.

Tsohuwar da muke da ita ta gaji, mai gonar ya ce za a sayi sabuwa, kuma tunda ni ne na fi hawa, ya tafi da ni wajen diloli. Magana ta tsaya a kan guda biyu: Polaris Ranger XP 1000 da Kubota RTV-X1100C. Idan da rufaffen ɗaki mai hita ake so, kowacce ta haura dala 20,000.

A takarda ba a ma haɗa su. Polaris, kamfanin da aka kafa a 1954 a garin Roseau na jihar Minnesota maƙwabciyarmu, ya sa wa tasa injin fetur mai silinda biyu da ƙarfin doki 82. Tana jan tirela mai nauyin sama da kilo 1,100, gudunta kuwa ya ninka na Kubota har da ɗoriya. Ita Kubota, 'yar Japan da ake harhaɗawa a jihar Jojiya, dizal take sha, ƙarfinta bai cika doki 25 ba, kuma ko ka danne totur har ƙasa ba ta wuce kilomita 40 a awa. Ɗan mai gonar tun a hanya ya yanke hukunci, Ranger yake so. Ni dai na san inda ya dosa: farautar barewa ta watan Nuwamba, lokacin da ɗimbin mazan jihar nan ke sa riga ruwan lemo su shige daji.

Abin da ya burge ni, dila ba ya tsare ka da surutu. Makulli zai miƙo maka, ya nuna maka filin bayan shago ya ce je ka gwada. Ranger tana da laushi, ramuka ba sa dukan bayanka, kana taɓa totur ta zabura. Kubota kuwa nauyi gare ta, ta haura tan ɗaya, tana tafiya tana gurnani, kuma da ka ɗaga ƙafa sai ta ja ta tsaya kamar ka taka birki. Wanda bai saba ba sai ya kusa sumbatar gilashi.

A giya bambancin yake. Ranger da bel na roba take aiki tsakanin faya-fayai biyu. Idan ka lafta mata kaya kana tafiyar hawainiya a babbar giya, bel ɗin yana ɗaukar zafi ya cinye, shi ya sa masu ita kan ce ka sa ƙaramar giya in za ka ja nauyi. Kubota ba ta da wannan bel, mai ne ake matsawa ya juya tayoyi, irin na ƙananan taraktoci. To aikinmu fa, Yaya, daga bukkar wannan maraƙi zuwa ta wancan taku goma ne. Ka tsaya, ka sauka, ka zuba madara, ka hau, ka matsa. Ina amfanin doki 82 a nan? Ga kuma bodin Kubota da ke tashi da kansa in ka ja liba kana zaune, ya juye taki ko yashi. Wanda bai taɓa kwashe jiƙaƙƙen taki da shebur a watan Janairu ba, ba zai san darajar wannan liba ba.

Sai maganar mai. Kowace gona a nan tana da tankin jan dizal, wanda aka rina domin a gane ba a biya masa harajin hanya ba, santi 24.4 a galan na gwamnatin tarayya, ban da na jiha. Ba a yarda a zuba shi a motar titi ba, amma injin gona halal ne. Fetur kuwa sai an je gari da jarka. Aibin dizal ɗaya, sanyi. In aka shiga tsakiyar hunturu yakan yi kauri ya toshe matata, dole a gauraya shi da na sanyi, a kuma kwana da inji a jone da wuta domin ya tashi da asuba.

Abin da ya kashe magana shi ne gyara. Dilan Kubota shi ke duba ƙaramar taraktarmu, bakanikensa har gona yake zuwa da motarsa cike da kayan aiki. Lambar injin kawai za ka karanta masa a waya ya san abin da zai ɗauko. Juyen mai ma da awa ake lissafinsa, akwai agogon da ke ƙirga awannin da inji ya yi. Sai dai kuɗin hannu kaɗai yakan haura dala 100 a awa, don haka ƙananan gyare-gyare mu ke yi. Kubota aka saya, yaro ya kwana biyu yana kumbure-kumbure. Da a makekiyar makiyaya irin ta Montana muke, inda bin shanu tafiya ce mai nisa, da bayansa zan bi.

Batun in turo maka ta hannu a kwantena kuwa, ka yi haƙuri, ban ba da shawara ba. Kuɗin jirgi da na kwastam za su ci rabin abin da ka tara, kuma ranar da famfon giyarta ya lalace, sai ta zauna a ƙofar gida kana jiran kayan gyara daga ƙetare. Ka nemi keken kaya mai taya uku wanda bakaniken garinmu ya san cikinsa, ka faɗa mini farashinsa, in ga abin da zan iya cikawa ƙarshen wata. A gaida Inna da yara.