Gargaɗi: ya karɓi N92,000, ya kuma tafi da famfon sitiyarin motar mahaifina

Jama'a, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na so in haɗiye abin saboda kunya, amma zuciyata ta ƙi. Naira 92,000. Kuma wallahi ba kuɗin ne suka fi ci min rai ba.

Marsandi ce 230E ƙirar 1983, ta marigayi mahaifina. Tun kafin azumi famfon sitiyarinta ya fara yoyo. Kullum da safe sai in tarar da jan mai ya ɗiga a ƙasa, in na murɗa sitiyari famfon ya dinga kuka, in na buɗe murfi in ga man ya yi kumfa. Tsohon bakaniken da ke kula da ita tun ina firamare, wanda nake kira Baba, ya leƙa ya ce sil ɗin bayan fuli, wato robar da ke hana mai fita, shi ne ya bushe, zafin Sakkwato ba ya barin roba ta daɗe. Ya ce in samo masa saitin robobin na asali, shi zai kwance famfon ya canza sil da zobban roba da tacar da ke cikin tankin man. Aikin yini ɗaya. Na zagaya masu sayar da kayan mota a gari ban samu ba.

A nan na ci karo da wani mutum a Facebook, yana tallar gyaran famfon tsofaffin Marsandi.

Abin da ya ce min a kiran farko shi nake ta juyawa a raina. Bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, naka ZF ne ko Vickers? Leƙa jikin famfon, akwai suna da lamba, don robobinsu ba ɗaya ba ne." ZF da Vickers kamfanoni ne masu ƙera famfon. Na fita da tocila cikin dare, na goge maiƙo da tsumma, ga ZF nan a rubuce. Ku gaya min, wa zai ji wannan tambayar ya ce ɓarawo ne? Ni ba yaro ba ne, shekara 19 ina riƙe da mota. Mutumin ya san aikin. ZF ne ko Vickers. Har yanzu muryarsa na kunnena.

Na fara tura 55,000 ranar Talata. A'a, kafin nan ma akwai maganar shaf, wato ƙarfen da ke juyawa a cikin famfon. Shi ya ce kada in ɓata kuɗina a robobi kawai, wai in bakin tsohon sil ya ci shaf ya yi masa zane, ko sabon sil aka sa mai zai ci gaba da bi. Na tambayi Baba, ya ce gaskiya ne, hakan na faruwa. To kun gani, ban tura kuɗi da ka ba, sai da na bincika. Abin da Baba bai yarda da shi ba shi ne a aika famfon. "Ɗana, kak ka bari abin ga shi bar garin ga." Ban ji ba. Mutumin ya ce yana Legas kusa da kasuwar Ladipo, amma ɗan gida ne, Sakkwatanci zalla a bakinsa, har yana tambaya ta ya zafi, ya masu gida. Da hannuna na naɗe famfon a buhu, na sa a kwali, na kai tasha.

55,000 na aiki da robobi. Bayan mako ɗaya ya turo bidiyon wani famfo a kwance a kan tebur, ya ce shaf ya tafi, sai an sa wani, 30,000. Na tura. Sai 7,000 na mota. 55 da 30 da 7. Na lissafa ya fi sau ɗari, 92,000 ne. Bidiyon nan ma da na sake kallonsa jiya, ko sau ɗaya bai nuna gefen da lambar take ba. Ko sau ɗaya.

Kaya ya iso bayan kwana 24, yana ƙyalli da sabon baƙin fenti, har kan kusoshi an fesa. Baba ya juya shi a hannu, ya kankare fentin da wuƙa, ya dube ni. "Wanga ba namu na ba." Babu rubutun ZF, an goge wurin da samfefa. Duk da haka na nace a ɗaura, don ban so in yarda. Aka ɗaure bel, aka zuba ATF, wato jan man nan, aka ɗaga gaban mota da jak, muka yi ta juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe don iska ta fita. Aka tayar. Ko shataletalen farko ban kai ba sitiyari ya yi tauri, mai ya wanke gefen inji. Da Baba ya buɗe shi, tsohon sil ne a ciki an shafe shi da gam, ga tsagewa a jikin famfon an like an bi da fenti. Ko roba ɗaya sabuwa babu.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da kayan ya taso ya daina ɗaukar waya. A WhatsApp ya amsa sau ɗaya, wai bakanikena ne bai iya ɗaurawa ba. Baba! Mutumin da ya fi shekara 30 yana kwance Marsandi. Daga nan ya toshe ni, shafin ma ya sauya suna.

Famfona yoyo kawai yake yi, lafiyayye ne, da shi motar ta fito daga Jamus, da shi mahaifina ya yi ta zuwa Tambuwal yana dawowa. Yanzu na tabbata ya canza masa robobi ya sayar wa wani. Ya ci 92,000, ya ci famfo.

Ina da komai: rasit uku na banki, saƙonnin murya, bidiyon, hoton famfona kafin in aika. Zan sa hotunan da zarar na gama kai ƙara, an ce in dakata tukuna.

Kada ku aika wa kowa kayan motarku na asali. Ku sayi robobi, a kwance a gabanku. Ku ɗauki hoton lamba.

Motar na nan a rufe da tamfol a ƙofar gida. Duk wanda ke da famfon ZF na 230E a nan Sakkwato, ko mai yoyo ne, ya yi min magana, ni da Baba za mu zo mu gani da ido.