Kafin Ka Sayi Manhajar Nazarin Hirarraki, Tambayi Inda Take Ajiye Bidiyo

Wayar iPhone da ke ɗaukar bidiyo a 1080p (ma'aunin kyawun hoto) tana cin kusan megabait 60 a minti ɗaya. Ke nan hirar awa guda ta haura gigabait 3. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya ɗauko hirarraki ashirin, tun kafin ya duba farashi, ya kamata ya san yadda kowace manhaja ke riƙe irin wannan kaya.

NVivo na Windows yana saka ƙaramin bidiyo a cikin fayil ɗin aikin kansa, amma iyakarsa megabait 40 ga mai aiki shi kaɗai. Abin da ya fi haka ba ya ƙin karɓa, sai dai ya bar shi a waje ya riƙe adireshinsa. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka manhajar ta gaza, su shiga yanka bidiyo gunduwa-gunduwa. Babu buƙata. Wahalar tana zuwa ne ranar da ka sauya wa folda suna, ko ka kai aikin kwamfutar malaminka ba tare da bidiyon ba: rubutun hirar na nan, alamomin da ka yi wa zantuka na nan, amma ka danna hoto ya ƙi fitowa, sai ka sake nuna masa hanya.

MAXQDA, na kamfanin VERBI da ke Berlin, ba ya saka sauti ko bidiyo a cikin aikin sam. Yana tara su a folda guda ta waje. A ganina wannan ya fi sauƙin kiyayewa, domin abu biyu kacal za ka kwafa. ATLAS.ti na kwamfuta shi ma yana ba ka damar haɗa bidiyo daga waje.

Dedoose kuwa a intanet yake aiki, kuɗinsa wata-wata. Yana da daɗi ga masu aiki tare daga garuruwa daban-daban, amma sai ka ɗora kowane bidiyo. Inda data ke da tsada, sabis na ɗaukewa, a yi lissafi tukuna. Kuma ka tabbata takardar amincewar waɗanda ka ɗauka ta yarda a ajiye fuskokinsu a rumbun Dedoose na intanet.

Idan motsin hannu da kallon ido ne zuciyar bincikenka, duba Transana, wanda don bidiyo aka gina shi, ko ELAN na Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, wanda kyauta ne.

Ko wanne ka zaɓa, matse bidiyon da HandBrake, manhajar rage girman bidiyo, zuwa MP4 a 720p, ka adana na asali a wani rumbun daban. Sannan ka sauke manhajar ta gwaji, ka loda hirarka mafi tsawo, ka ja ta gaba da baya a kwamfutar da za ka yi aikin da ita. Idan ba ta sarƙe ba, sai ka biya.